Yadda Ake Zaɓen Jakar Doguwar Tafiya

Mai karatu, Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ka yi niyyar zuwa neman kuɗi a Cibarakaten, ko kuwa za ka ƙetare iyaka zuwa Aljeriya ka yi watanni, jakarka ce za ta zama ɗakinka da rumbunka har ka dawo. Wannan darasi zai nuna maka irin jakar da ta dace da wannan hanya, da yadda za ka gwada ta kafin ka biya kuɗi, da yadda za ka shirya kaya a cikinta.

Fara sanin hanyar

Cibarakaten, wadda ake rubutawa Tchibarakaten a takardun Faransanci, tana cikin jihar Agadas, arewa maso gabas da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. An gano zinariya a wurin a shekarar 2014, shekarar da aka gano ta Jado. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017, masu haƙa da yawa suka koma can. Arlit kuwa garin uraniyom ne. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da uraniyom a 1971, shi kuma COMINAK na Akokan ya yi aiki daga 1978 har aka rufe shi a ƙarshen watan Maris na 2021.

Daga Agadas zuwa Arlit kimanin kilomita 240 ne. Daga Arlit zuwa Cibarakaten kuwa wajen kilomita 400 ne na rairayi da duwatsu, babu kwalta. Matafiya kan hau bayan motocin a-kori-kura masu ƙarfin shiga rairayi, ko saman manyan motocin kaya. A irin wannan tafiya ana ɗaure jaka da igiya, ana danne ta da buhuna, ana zama a kanta, ƙura kuma tana shiga ko'ina. A watannin bazara zafin rana yakan wuce digiri 45. A watannin Disamba da Janairu kuwa, sanyin dare yakan kusa daskarar da ruwa. To, jakar da za ka saya dole ta jure waɗannan duka.

Jaka iri huɗu

Akwati mai taya yana da kyau a filin jirgin sama da kan siminti. A cikin rairayi tayarsa ba ta juyawa, kuma idan aka ɗora masa nauyi yakan fashe.

Jakar leda mai zane-zane, wadda ake kira Gana-mas-go, tana da araha kuma tana cin kaya. Amma zif ɗinta ba ya daɗewa, rana kuma tana cinye ledar har ta yage.

Buhu yana da ƙarfi, ba ya kuma jan idon ɓarawo. Aibinsa shi ne sai ka zazzage komai kafin ka sami abin da ke ƙasa, kuma ɗaukarsa a ka ko a kafaɗa ɗaya yana gajiyar da mutum.

Jakar goyo ita ce mai madauri biyu da ake ratayawa a baya kamar goyon yaro. Tana raba nauyi daidai a jiki, tana kuma barin hannuwanka biyu a sake, ka riƙe jarkar ruwa ko ka kama jikin mota. Ita ta fi dacewa da wannan tafiya. Dabarar da ta fi ita ce ka sa jakar goyon cikin buhu ka ɗaure bakinsa kafin a loda ta. Buhun zai tare ƙura da man mota, madaurin kuma ba zai maƙale a ƙarfe ya tsinke ba.

Me ya sa ake son jakar da za a iya goyawa? Domin a hamada mota tana lalacewa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Haka kuma, yawancin baƙin da Aljeriya ke korowa akan sauke su a wani wuri da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 a ƙasa kafin su kai Asamaka. Duk kayan da ba za ka iya tafiyar awa uku da su ba, wata rana kana iya barinsu a kan rairayi.

Girma da nauyi

Ana auna cikin jakar goyo da lita, kamar yadda ake auna jarka. Sau da yawa za ka ga an rubuta 40 L ko 60 L a jikinta. Harafin L yana nufin lita. Jaka mai lita 40 tana cin abin da jarka biyu masu lita 20 za su ci. Ga tafiyar watanni, mai lita 40 zuwa 60 ta isa. Kada girma ya ruɗe ka, domin babbar jaka tana sa mutum ya cika ta da abin da ba ya bukata.

Ƙa'idar nauyi ita ce kada kayan da ke bayanka su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Idan nauyinka kilo 60 ne, raba 60 gida biyar, za ka sami kilo 12. Idan kilo 70 ne, kilo 14 ke nan. Ka tuna kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai sayar da hatsi ko gas yana da sikeli. Roƙe shi ka auna jakarka bayan ka shirya ta.

Gwada ta tun a kasuwa

Araha ba ta ado. Sau da yawa jakar gwanjo mai kauri ta fi sabuwa mai sheƙi ƙarko. Ko wacce za ka saya, duba abubuwa shida:

1. Yadi. Ɗaga shi ka kalli rana ta cikinsa. Idan haske yana ratsawa sosai, ƙura ma za ta ratsa. Gindin jaka ya kamata ya zama ninki biyu.

2. Ɗinki. Juya cikin jakar waje. Ja madaurin kafaɗa da ƙarfi a daidai inda aka ɗinke shi. Nan ne jaka ta fi yawan mutuwa. Idan zare ya buɗe, ajiye ta.

3. Zif. Rairayi shi ne babban abokin gābar zif. Zaɓi mai manyan haƙora, mai kai biyu da za a iya haɗawa a sa ƙaramin kwaɗo. Jakar da ake tsuke bakinta da igiya, a rufe da marfi, ta fi mai zif da yawa daɗewa.

4. Madaurin kafaɗa. Ya zama mai faɗi, kamar yatsu uku ko huɗu, da soso a ciki. Siriri yana yanka kafaɗa.

5. Ɗamarar ƙugu. Ita ce ke sauke yawancin nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu. Jaka mai lita 40 ko fiye da ba ta da wannan ɗamara za ta ba ka ciwon baya.

6. Tsawo. Sa kaya masu nauyi a ciki, goya ta, ɗaure ɗamarar a kan ƙashin ƙugu, ka zaga kasuwa kaɗan. Idan tana bugun ɗuwawu ko tana ja ka baya, ba taka ba ce.

Bayan ka saya, kai ta wurin baduku ko mai gyaran takalmi ya ƙara ɗinki a gindin madauri. Kuɗin wannan gyara kaɗan ne a gida, amma a daji ba lalle ka sami mai yi ba. Ɗauki basilla da zare mai ƙarfi. Idan zif ya yi tauri, goge rairayin da tsohon buroshi, ka shafa masa kyandir. Kada ka sa mai, don mai yana kama ƙura.

Shirya kaya

Bargo da rigar sanyi su kwanta a ƙasa. Abubuwa masu nauyi, kamar gari da sukari da dabino, su zauna a tsakiya, jingine da bayanka. A sama ka sa abin da za ka nema a hanya: tocila, rawani, magani da ɗan abin ci. Naɗe tufafi kamar tabarma, ka sa kowane rukuni cikin leda. Riga uku da wando uku masu kauri sun isa.

Kada ka manta da ƙunshin gishiri da sukari na maganin zawo, wanda ake samu a gidan likita da kantin magani. Idan ya ƙare, haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan kana shan maganin hawan jini ko ciwon sukari ko tarin fuka, ga likita kafin ka tashi, ka tafi da wanda zai ishe ka tare da takardarsa. Mai shiga rami ko niƙan dutse ya nemi abin rufe hanci na ƙwarai, domin ƙurar dutsen zinariya tana lalata huhu, kuma ɓarnar ba ta warkewa.

Abubuwa uku da ba sa shiga babbar jaka

Na farko takardu: katin ɗan ƙasa, fasfo idan za ka ƙetare iyaka, da katin allurar rigakafi. Naɗe su a leda, ka sa a ƙaramar jaka da za ka rataya a wuya ƙarƙashin riga. Ka bar kwafinsu a gida.

Na biyu kuɗi. Raba su wuri biyu ko uku a jikinka. Idan ka samu a can, aika gida ta kamfanin aika kuɗi a Arlit ko Agadas ya fi ka riƙe su a jaka.

Na uku ruwa. Jarkarka ta zauna inda hannunka zai kai, ko da direba ya ce akwai ruwa a mota. A zafin hamada mutum yana bukatar aƙalla lita 4 a yini ko yana zaune, mai aiki kuwa fiye da haka. Naɗe jarkar da tsohon buhu ko bargo ka jiƙa shi, ruwan zai yi sanyi kamar na salka. A Cibarakaten da mota ake kawo ruwa daga nesa, saye ake yi, kuma da tsada.

Abin da za ka ƙi ɗauka

Kada ka karɓi saƙon da ba a buɗe a gabanka ba, ko na ɗan garinku ne. Akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, kuma abin da aka samu a jakarka naka ne a idon doka. Kada ka ɗauki ƙwayoyi irin su taramol ba tare da takardar likita ba. Kada ka sa ruwan makuri, wanda ake kama zinariya da shi, cikin jakar tufafi da abinci. Guba ne, tururinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Rubuta sunanka

A nan karatun da ka koya zai yi maka rana. Rubuta sunanka da na garinku da lambar wayar wani naka a jikin buhu, da manyan baƙaƙe. Rubuta su kuma a takarda ka sa cikin jakar, wata kuma cikin aljihunka, domin waya tana mutuwa ko ta ɓata. Ka faɗa wa mutanen gida ranar da za ka tashi daga Arlit da ayarin da za ka bi. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mutum mai nauyin kilo 65, kilo nawa ya kamata ya goya?
2. Waɗanne abubuwa uku ne ba a sa su a babbar jaka? Me ya sa?
3. Rubuta sunanka da na garinku da lambar waya kamar yadda za ka rubuta a jikin buhu.