Asalin Sunan Thatcher: Daga Bisa Jinka Zuwa Gadon Mulki

Da wuya a sami mai sauraron rediyo a ƙasar nan wanda bai taɓa jin sunan Uwargida Margaret Thatcher ba, watau matar da ta riƙe muƙamin Firayim Ministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, wadda kuma aka yi wa hawan daba a Kano a 1988. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan suna mai kwarjini ba na sarauta ba ne. Da Ingilishi, ma'anarsa mai baibayar ɗaki, wanda ke hawa bisa tsani da dammunan ciyawa yana rufa wa mutane jinka.

Ita kanta ba da sunan aka haife ta ba. Mahaifinta Alfred Roberts mai kanti ne a garin Grantham, sunan kuwa ta samo shi ne wurin mijinta Denis Thatcher da ta aura a 1951, bisa al'adarsu ta mace ta ɗauki sunan gidan miji.

A zamanin da, mutumin Ingila suna ɗaya tak gare shi. Bayan da Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci ƙasar da yaƙi a 1066, sai manyan masu filaye suka fara gadar wa 'ya'yansu sunan gida, domin ya zama shaidar gadon ƙasa. Talaka kuwa ba shi da filin da zai bari, saboda haka ya daɗe bai damu ba. Abin da ya tilasta shi shi ne alƙalamin hukuma. A ƙauye guda sai a sami John biyar da William shida, to, yaya mai karɓar haraji zai san wanda ya biya da wanda ya zille? Sai magatakarda ya ƙara wa kowa laƙabi: wannan maƙeri, wancan masaƙi, ga kuma mai baibaya. Kafin shekarar 1400 yawancin waɗannan laƙubba sun zama abin gado, ko da ɗa ya bar sana'ar ubansa. Da aka umarci kowace majami'a a 1538 ta riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa, sai sunayen suka zauna daram.

Sana'ar ɗaya ce, amma bakin kowane yanki da yadda ya kira ta. A kudu aka fi cewa Thatcher. Can wajen arewa da gabas, inda mutanen Denmark da Norway suka taɓa zama har harshensu ya yi tasiri, sai ka ji Thacker. A Norfolk, ƙasar fadamu, da ƙyauron bakin ruwa ake rufin, don haka aka sami Reeder. Akwai kuma Thaxter, wanda ƙarshensa asali alamar mace ce, kamar yadda Baxter ke nufin mai gasa burodi.

Mai baibaya yana da abokin hamayya, kuma wuta ce ta ɗaure wa abokin hamayyar gindi. Bayan wata mummunar gobara a 1212, hukumar birnin Landan ta hana yin sabon rufi da ciyawa. Kasuwa ta buɗe wa mai rufi da fale-falen gasasshen yumɓu, wanda ake kira Tyler, da mai rufi da fallayen dutse, watau Slater. Ba kowa ya bi dokar ba, ga shi kuma ikonta bai wuce iyakar birni ba. Gidan wasan kwaikwayo na Globe, inda ake nuna wasannin Shakespeare a ƙetaren kogin Thames, rufin ciyawa gare shi, kuma a 1613 tartsatsin igwar da aka harba cikin wasa ya cinye shi ƙurmus. Sannu a hankali mai baibaya ya koma ɗan ƙauye, mai rufa wa manoma da matalauta.

A nan ne tarihin sunayen biyu ya yi wata irin haɗuwa mai ban mamaki. A 1377 gwamnatin Ingila ta aza harajin kai, kwabo huɗu a kan kowane baligi. Takardun wannan haraji da na 1379 suna cikin manyan wuraren da masana ke tono tsofaffin sunaye a yau. Da aka zo karɓa na uku a 1381 an ninka shi uku, sule guda ke nan, mai kuɗi da matalauci kusan duk ɗaya. Talakawan Kent da Essex suka yi bore, suka shiga Landan, suka fille kan Babban Limamin Canterbury wanda shi ne shugaban ma'aikatan sarki. Madugunsu Wat Tyler ne, mai sunan marufa ɗaki. An kashe shi a filin Smithfield a gaban Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14, amma hukuma ta ji tsoro ta jingine harajin.

Shekara ɗari shida da 'yan kai bayan haka, gwamnatin Uwargida Thatcher ta kawo wani haraji na ƙananan hukumomi wanda kowane baligi zai biya daidai da maƙwabcinsa, ko a fada yake kwana ko a ɗakin haya. An fara shi a Scotland a 1989, sannan Ingila da Wales a 1990. Gwamnati ta raɗa masa suna mai daɗin ji, amma jama'a suka ƙi, suka kira shi da tsohon sunan nan na harajin kai. A ganina duk mai ba da shawara da ya san labarin Tyler ya kamata ya ja mata kunne. Ranar 31 ga Maris 1990 zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma a dandalin Trafalgar, miliyoyin mutane kuma suka ƙi biya. Ga wannan, ga kuma saɓani da ministocinta kan sha'anin Turai, 'yan jam'iyyarta suka juya mata baya, ta sauka a watan Nuwamba na shekarar. Magajinta John Major ya soke harajin, aka maye gurbinsa a 1993 da wani wanda ake ƙiyastawa bisa darajar gidan da mutum ke ciki.