Jirgin sama haɗin gida: a ina ya kamata tankin mai ya zauna?

A shekarar 2007 sunan Mubarak Muhammad Abdullahi ya zaga duniya. Ɗalibi ne mai karanta kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, yana da shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Jirgin ya tashi, amma bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Tun daga lokacin, duk matashin da ya yi irin wannan yunƙuri, tambayar da ake fara yi masa ita ce, wane inji ka sa? Da wuya ka ji an tambayi inda ya ajiye tankin mai, alhali can haɗarin ya fi ɓuya.

Duk wanda ya taɓa loda amalanken shanu a Kangire ya san dokar: ka tara buhunan gero a bayan tayoyi, gaban ya ɗaga, ka tara su a gaba, nauyin ya danne wuyan shanu. Jirgi ma yana da cibiyar nauyi, kuma dole ta tsaya cikin ɗan taƙin da mai zanen ya ƙayyade. Bambancin kawai, gero ba ya raguwa a hanya, mai kuwa yana ƙonewa. Lita 40 ta fetur ta kai kusan kilo 30. Idan ka mayar da tankin baya da mita ɗaya don kujera ta samu wuri, jirgin zai tashi wutsiyarsa na rinjaye, yana sama kuma ma'aunin ya riƙa canzawa. Shi ya sa ake sa tanki a cikin fukafukai, ko kusa da sandar farfela a mai saukar ungulu.

Lissafin ba shi da wuya. Nauyin kowane kaya sau nisansa daga hancin jirgi, a tara duka, a raba da jimillar nauyi. Manhajar Excel ko Google Sheets a waya ta isa. A yi shi da tanki cike, a maimaita da tanki wayam. Batir ma a lissafa shi. Ƙarami ne a ido amma akwai nauyi.

Sai batun inda hannu zai kai, wanda ya ci ran mawaƙin Amurka John Denver ranar 12 ga Oktoba, 1997. Jirginsa Long-EZ ne, haɗin gida, zanen Burt Rutan. A zanen asali, makunnin da ke sauya mai daga wannan tanki zuwa wancan yana tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya haɗa jirgin, kafin Denver ya saya, ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu. Da injin ya fara shaƙewa, sai da Denver ya juya jikinsa don ya kai ga makunnin. Binciken hukumar NTSB ya nuna a wannan juyin ne ƙafarsa ta danne fedar dama, jirgin ya karkace ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya. Magini ya yi ne don kada bututun mai ya ratsa ta wurin zaman matuƙi, niyya mai kyau, amma bai zauna a kujerar da bel ɗaure ya gwada miƙa hannu cikin gaggawa ba, ko kuma ya gwada ya raina wahalar.

Ba wai gyara zane haramun ba ne. Air Beetle, jirgin horon da aka haɗa a Kaduna don sojojin saman Najeriya, daga zanen RV-6A ya fito, wanda mutane ke haɗawa a garejinsu a Amurka, kuma an yi masa sauye-sauye. Sai dai injiniyoyi ne suka auna kowane sauyi.

Mai walda a Birnin Kudu ko Gwaram zai iya ƙera maka tanki mai kyau wanda ba ya yoyo. Inda za a ɗaure shi kuwa, kai za ka ba shi a rubuce, bayan ka ɗora kowace tayar jirgin a kan sikelin 'yan hatsi ka karanta abin da ta nuna.