Sinuka: Yadda Zhao Xintong ya koma fage bayan dakatarwa, ya ci kofin duniya

Abin da matasa ke bugawa a rumfunan Dutse suna kira sinuka, galibi ɗan'uwansa ne mai ƙaramin teburi. Ainihin wasan ƙwallo 22 ne a kan teburi mai tsawon ƙafa 12, kuma sana'a ce mai wuyar shiga.

A watan Mayun 2025, Zhao Xintong ya doke Mark Williams da ci 18-12 a zauren Crucible da ke Sheffield, Ingila. Ya zama ɗan Sin na farko da ya ci kofin duniya, ya karɓi fam 500,000.

Sai dai ba a matsayin ƙwararre ya shiga gasar ba. A 2023 hukumar wasan, WPBSA, ta hukunta 'yan wasan Sin 10 kan badaƙalar cinikin wasa, ta haramta wa Liang Wenbo da Li Hang wasa har abada. Zhao bai sayar da wasansa ba, amma ya amsa laifin yin caca da kuma hannu a maguɗin wani ɗan wasa. An dakatar da shi wata 20, ya rasa gurbinsa, dole ya faro daga wasannin share fage.

Gurbin nan shi ne jarin ɗan sinuka. Sabon shiga shekara 2 ake ba shi. In bai kai sahun 64 na sama ba, yana iya komawa gida. A ganina, a nan 'yan caca ke samun ƙofa, domin ladan na ƙasa bai taka kara ya karya ba.

Williams kuwa tun 1992 yake ƙwararre, shekarar da Ronnie O'Sullivan da John Higgins suka fara. Yana da shekara 50 ya buga wasan ƙarshen.