Ƙwan LED Da Tsohon Ƙwan Lantarki: Wanne Ya Fi Sauƙin Kuɗi?

Wani mai sauraronmu, tela daga Funtuwa, ya aiko mana da takarda yana cewa: "Ina da ƙwan fitila shida a shagona, kuma mitata mai kati ce. Yarana sun dame ni in sauya su da na LED, amma na ga ya fi tsada, kuma wanda na saya na gwaji ya mutu cikin wata uku. Shin da gaske yana rage kuɗin wuta, ko dai dabarar 'yan kasuwa ce?"

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce yaranka suna da gaskiya, amma bari mu yi maka bayani dalla-dalla.

Tsohon ƙwan nan mai siririyar waya a ciki, wanda Thomas Edison na Amurka ya yi nasarar kunna irinsa a 1879, aikinsa shi ne wuta ta bi ta cikin wayar nan har ta yi zafin da ya haura digiri 2,000, sannan ta ba da haske. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake zama, ba haske ba. Shi ya sa ba ka iya taɓa shi in ya daɗe a kunne, shi ya sa kuma shago yake ƙara ɗumi a watan Afrilu. Wato kana biyan kuɗin murhu ne, ana ba ka haske a matsayin gyara.

Shi kuwa LED babu wayar da ake gasawa. Wani ɗan ƙanƙanin sinadari ne, dangin wanda ake yin kayan cikin rediyo da shi, da zarar wuta ta ratsa shi sai ya ba da haske kai tsaye. Nick Holonyak ne ya ƙera mai jan haske a 1962, irin ɗan jan ɗigon nan da kake gani a jikin talabijin. An daɗe ana neman mai shuɗin haske, sai a farkon shekarun 1990 wasu masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samo shi, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Wannan shuɗin ne ake lulluɓewa da wani rawayan shafi, ya fito da farin hasken da muke gani.

Yanzu sai ka ɗauko alƙalami mu yi lissafi. Hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa, LED mai wat 9 yana ba da kamarsa. A ce ƙwayayenka shida masu wat 60 ne, kana kunna su awa biyar kullum: wat 360 ke nan sau biyar, wato yunit 1.8 a rana, yunit 54 a wata. In ka sauya su duka, wat 54 kacal za su sha, wato kamar yunit 8 a wata. Ka ga an rage maka yunit 46. Ka duba nawa kake sayen yunit ɗaya, ka ninka, za ka san cikin wata nawa ƙwan zai mai da kuɗinsa. In kuma an ɗauke wuta ka ta da ɗan ƙaramin janareto, sama da wat 300 ɗin da ka tsira da su sai su tafi ga keken ɗinki da fanka. Masu sola da batir ma haka.

Batun daɗewa, tsohon ƙwai yakan yi awa 1,000, wato bai kai wata bakwai ba a irin aikinka. LED mai kyau ana ƙera shi ya yi awa 15,000 ko fiye. Doguwar fitilar nan da murɗaɗɗen ƙwai su ma suna rage shan wuta, sai dai akwai zaiba a cikinsu, wadda guba ce in sun fashe. LED ba shi da ita.

To me ya kashe naka cikin wata uku? Galibi ba ƙwayar hasken ce ke mutuwa ba, 'yan kayan da ke gindin ƙwan ne masu daidaita wuta. Zafi yana cin su, hawa da saukar wuta ma haka, kuma a nan ne masu yin jabu suke rage kaya. Saboda haka kada ka kulle shi cikin gilashin da iska ba ta shiga. In za ka saya, ka duba adadin lumen a jikin kwali, shi ne ma'aunin haske. Kamar 800 shi ne daidai da tsohon wat 60. Ka nemi wanda aka rubuta yana jure wuta mai rauni, kuma ka sa mai shago ya rubuta maka ranar saye in yana ba da garanti. Don aikin zare da allura, mai lamba 4000K zuwa 6500K ya fi nuna launin yadi kamar da rana. Mai 2700K rawaya-rawaya ne, ya fi dacewa da ɗakin kwana.

Tsofaffin kuma kada ka zubar. In kana da maƙwabci mai kiwon 'yan tsaki, ka ba shi, domin shi zafin yake nema, kuma LED ba zai ɗumama masa su ba.