Katin Sarrafa Hoto na Waje: Amfaninsa da Sharuɗɗansa a Kudancin Birnin Kaduna

A unguwannin da ke tsallaken Kogin Kaduna, daga Barnawa, inda Kwalejin Nazarin Muhalli ta Kaduna Polytechnic da cibiyar fasaha ta CoLab suke, har zuwa Narayi, Kakuri da Sabon Tasha, akwai matasa da dama da karatunsu ko abincinsu ya dogara ga kwamfutar tafi-da-gidanka, kamar ɗaliban zanen gine-gine da masu tace bidiyon bukukuwa. Galibin kwamfutocin da ke hannunsu na hannu ne, irin su HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda aka ƙera domin aikin ofis, shi ya sa suke gajiya da zarar an ɗora musu manhajoji masu nauyi kamar Lumion, Blender ko DaVinci Resolve.

Tushen wannan gazawa shi ne sashen sarrafa hoto, wato ɓangaren da ke lissafin launi, haske da motsin duk abin da ke fitowa a allo. A kwamfutar ofis wannan sashe ƙarami ne, yana haɗe da furosesa, kuma ba a iya cire shi a sa babba. Mafitar da aka samo ita ce a sayi cikakken katin sarrafa hoto irin na kwamfutar tebur, na Nvidia ko AMD, a saka shi cikin wani akwati mai na'urar ba da wuta da fankarsa, sannan a jona akwatin da kwamfutar ta waya guda. Wannan haɗi shi ake kira eGPU, kuma ya yaɗu ne bayan da kamfanin Intel ya fito da Thunderbolt 3 a shekarar 2015, mashigar da ke iya ɗaukar bayanai har gigabit 40 a daƙiƙa.

Sharaɗi na farko shi ne mashigar, domin a ido Thunderbolt da USB-C ba su da bambanci, alhali yawancin mashigan USB-C ba sa iya wannan aiki. Abin da ake dubawa shi ne alamar walƙiya a gefen ramin, tare da bayanin da kamfani ya yi kan samfurin. Ko da mashigar ta dace, layuka huɗu kawai take buɗe wa katin a kan hanyar bayanai da ake kira PCIe, maimakon 16 na kwamfutar tebur, wasu kwamfutocin ma biyu suke bayarwa, don haka katin ba ya fitar da dukkan ƙarfinsa, kuma asarar tana ƙaruwa idan aka mayar da hoton zuwa allon kwamfutar maimakon a jona wani allo kai tsaye a jikin katin. Wasu ƙananan kwamfutocin tebur na baya-bayan nan sukan zo da mashigar OCuLink, wadda ta fi rage wannan asara, sai dai ana kashe kwamfuta kafin a jona ta. Kwamfutocin Apple kuwa, masu furosesar Intel kaɗai ke karɓar katin waje, domin daga M1 na shekarar 2020 kamfanin ya daina ba da wannan dama.

Sharaɗi na biyu, wanda ya fi shafar mazauna Kaduna, shi ne wutar lantarki. Cajar kwamfutar ofis takan tsaya tsakanin wat 45 da 65, amma kati matsakaici irin RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kuma akwatin ba shi da batiri, saboda haka idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki katin yana mutuwa nan take, manhajar ta tsaya, aikin da ba a adana ba ya salwanta. Wajibi ne a tanadi inbata ko UPS mai ɗaukar wannan nauyi, da abin daidaita wuta domin kariya daga hawa da saukar wutar janareta. Haka nan ƙurar hunturu tana toshe fankoki, zafin watannin Maris da Afrilu kuma yana tilasta wa katin rage gudu, don haka yana buƙatar wuri mai iska da sharewa a kai a kai.

Abin da ya kamata mai saye ya yi shi ne ya haɗa kuɗin akwati, kati, allo da tanadin wuta, ya kwatanta da kuɗin haɗa kwamfutar tebur, wadda sau da yawa takan fi araha kuma ta fi sauƙin gyara. Katin waje ya dace da wanda ya riga ya mallaki kwamfuta mai Thunderbolt da furosesa mai ƙarfi, yake yawo da ita da rana zuwa aji ko wurin ɗaukar hoto, sannan ya dawo teburi guda domin aiki mai nauyi. Wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, gara ya zuba jarinsa a kwamfutar tebur, domin kuɗin da matashi ya tara da gumi bai kamata ya tafi a kan na'urar da kwamfutarsa ko wutar unguwarsa ba za ta iya ɗauka ba.