Ɗan wabi da koyarwar Buddha: wace hujja ke nuna mamaci yana dawowa?

A Madekali, garin da ke gabas da Malanbil a arewacin Jamhuriyar Benin, ba kowa ne ya taɓa jin sunan Buddha ba. Yanki ne na Dandawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawa, galibi Musulmi, a bakin kogin Kwara, Nijar na tsallake, iyakar Najeriya kuma ba nisa. Amma duk wanda ya tashi cikin Hausa ya san kalmar wabi. Asalinta itace ne da ke zubar da 'ya'yansa tun ba su nuna ba. Da ita ake kiran macen da take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana, har tsofaffi su ce ai yaro ɗaya ne yake tafiya yana dawowa.

Shi ya sa ake raɗa wa irin wannan yaro suna kamar Ajuji ko Abarshi ko Barmani, wai ko a nuna ba a damu da shi ba, ko a roƙa a bar shi. 'Yan kasuwar da ke hawowa Malanbil daga kudu su ma suna da nasu. Yarabawa na cewa abiku, Ibo kuma ogbanje. Bayarabe ma ya wuce nan, don idan aka haifi namiji bayan rasuwar kakansa sai a ce masa Babatunde, wato baba ya dawo.

Malaman Musulunci sun daɗe da yanke magana: wanda ya mutu yana barzahu har tashin kiyama, ba ya sake shiga wani ciki. Amma a Asiya akwai ɗaruruwan miliyoyin mutane da sake haihuwa ginshiƙi ne a addininsu.

Siddhartha Gautama, wanda ake kira Buddha, ya rayu a arewacin Indiya kimanin ƙarni 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya koyar da cewa halitta tana cikin wani zagaye na mutuwa da haihuwa mai suna samsara, kuma aikin da mutum ya yi da niyya, wato karma, shi ke jan sa zuwa rayuwa ta gaba, ko a mutum, ko a dabba, ko a wani matsayi sama ko ƙasa da haka. Dawowar ba abin murna ba ce a wurinsu, wahala ce, burin mai bin tafarkin shi ne ya fita daga zagayen gaba ɗaya. Wani abin da ke rikita baƙo shi ne Buddha ya musanta cewa akwai wani rai tabbatacce da ke ƙaura daga jiki zuwa jiki. To mene ne ke dawowa? Tsofaffin littattafansu na ba da misalin fitilar da aka kunna daga wata fitila: wutar ta biyu daga ta farko ta fito, amma ba wani abu da ya tashi daga can ya koma nan. Nan suka rabu da masu maganar wabi, waɗanda ke nufin yaron nan dai da aka binne shi ne ya sake zuwa.

A Tibet abin har ya shiga siyasa. Dalai Lama na yanzu, wanda aka haifa a 1935, yana ɗan shekara biyu aka ce shi ne magabacinsa da ya rasu a 1933, bayan an ce ya zaɓo kayan marigayin daga cikin wasu da aka jera masa. A 2007 gwamnatin China ta fitar da doka cewa ba wanda za a amince ya "dawo" sai da izininta.

Mutumin da ya fi kowa wahalar neman hujja shi ne Ian Stevenson, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Virginia ta Amurka, wanda ya rasu a 2007. Ya shafe kusan shekara 40 yana bin labaran yaran da ke cewa suna tuna wata rayuwa, shi da abokan aikinsa suka tara sama da 2,000, daga Indiya, Sri Lanka, Thailand, Burma, Lebanon, har da ƙasar Ibo. Yaran sukan fara maganar tsakanin shekara 2 zuwa 4, su daina wajen shekara 7 ko 8. Wasu kuma an haife su da tabo a daidai inda aka ce mamacin ya ji rauni. A Thailand da Burma akwai masu shafa wa gawa baƙin tukunya don su gane ta idan ta dawo, kamar yadda wasu Ibo da Yarabawa ke yi wa gawar yaro yanka a kunne ko yatsa.

Labaran na da ɗaukar hankali, amma a ganina ba su kai hujja ba. Yawanci kafin mai bincike ya iso, dangin yaron da dangin mamacin sun riga sun haɗu, magana ta cakuɗe, ba a san abin da yaro ya faɗa da bakinsa da wanda aka ƙara masa ba. Da tafinta Stevenson ya yi yawancin hirarrakinsa. Labaran sun fi yawa a inda mutane dama can sun yi imani da abin. Tabo kuwa, jarirai da yawa ana haihuwarsu da shi, kuma uwar da ta binne uku tana duban jikin na huɗu da wani irin ido. Shi kansa Stevenson, a sunan littafinsa na 1966, alama ya ce labaran suke nunawa, bai ce sun tabbatar ba.

Shi kuwa wabi, an auna shi da jini. A 2001 wata mai bincike, Esther Nzewi, ta wallafa sakamakon gwajin yara 100 da danginsu suka ce ogbanje ne a ƙasar Ibo. An samu 70 daga cikinsu da cutar sikila, wadda muke kira amosanin jini.

Duba yadda cutar take, sai ka ga hoton wabi sak. Idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma cikin baya ba ya rage wa na gaba komai, don haka gida ɗaya na iya samun uku a jere. Jaririn yakan zo lafiya lau, saboda jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi har wajen wata shida. Daga nan sai kumburin hannu da ƙafa, ido ya yi ɗorawa, zazzaɓi, jini ya ƙare. Na gaba ya zo, ya bi hanya guda, a kusan shekaru guda, ga kuma kama ta 'yan uwa. Wa zai ga laifin kakar da ta ce shi ne dai? A wuri irin Madekali, inda ake noman shinkafa a fadama sauro kuma ba ya ɗaga ƙafa, zazzaɓin cizon sauro na saurin kayar da mai sikila. Ba kowane wabi ne sikila ba fa. Ƙyanda, sandarewar jarirai daga yankan cibiya da ƙazamar reza, da saɓanin jinin uwa da na jariri duk suna iya jera kaburbura a gida ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara a Najeriya kaɗai. Idan an gano ta da wuri, rigakafi, gidan sauro, maganin penisilin da folic acid, da kuma hydroxyurea ga mai hali, suna kai yaro ga girma har ya yi nasa iyalin. A Kwatano akwai cibiya ta musamman da ke kula da jarirai da masu ciki da ke da cutar, sai dai daga Malanbil zuwa can ya haura kilomita 700. Jihar Kano kuma a watan Mayun 2024 ta kafa dokar da ta wajabta gwajin jini kafin aure, har da na AS da SS. Dokar ba ta kai bakin Kwara ba, inda dangi ɗaya ke warwatse tsakanin Madekali da Gaya da ƙauyukan Kebbi, ana kuma yawan auren zumunci. A nan, sai in waliyyi ne da kansa ya ce a kawo masa takardar gwaji kafin ya karɓi sadaki.