Uwargida, Allura Ba Ta Fi Ƙwaya Ba

Mata da yawa a Daura suna cewa in ba a yi wa yaro allura ba, ba a yi magani ba. Ba haka ba ne. Ƙwayar da ɗanki ya haɗiya tana narkewa a ciki, ta wuce hanji, ta shiga jini. Allura sauri kawai ta fi ta, don haka muke ajiye ta wa yaron da ya galabaita ko yake ta amai.

Maganin zazzaɓin sauro, Coartem, ya fi shiga jini in kin haɗa da nono ko abinci mai maiƙo. In ya amayar cikin minti 30, ki sake ba shi.

Kada mai allurar kasuwa ya taɓa ɗanki. In ya soki jijiyar ɗuwawu, ƙafa tana iya shanyewa.